Ranar da Na Aura wa Nura Matar Sagir

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Babura ba, kuma ko na so in manta, dangina sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Shekara ta huɗu ke nan ana abu ɗaya. A taron suna a tayar da zancen, a gaisuwar Sallah a tayar da shi, kai, ko a zaman makoki da an shafa Fatiha sai in ga wani yana kallona yana danne dariya. Haba jama'a! Mutum ya yi kuskure sau ɗaya, kuskuren ma na neman ilimi, shi ke nan ya zama abin nishaɗin gida har jikoki? To, yau da bakina zan ba da labarin, domin yadda matata take ba da shi akwai ƙarin gishiri.

Ni malamin sakandare ne a Kazaure. A shekarar da abin ya faru na shiga ƙarin karatu na lokacin hutu, irin wanda malamai ke yi don neman takardar koyarwa, kuma a can ne wani malaminmu ya koya mana abin da ya kai ni ya baro. Darasi ne a kan yadda mutum yake riƙe kalmomi bibbiyu a ka. A ba ka akuya da agogo, buta da jirgi, tulu da takalmi. In an jima a ce maka "akuya", kai kuma ka kawo abokiyar tafiyarta. Ya ce hanya biyu mutane ke bi. Wani ya yi ta nanatawa da baki, akuya agogo, akuya agogo, ko ya jera su a jimla, ko ya rera su kamar karatun 'yan aji ɗaya. Wani kuwa ya rufe ido ya ƙago hoto a zuciyarsa, ya ga akuya ta ɗaura agogo a ƙafa tana duba lokacin komawa gida. Ya ce yawanci hoton ya fi zama, musamman in abin dariya ne.

Da aka koma makaranta na gwada a ajina. Na raba ɗalibai biyu, na ba su kalmomi iri ɗaya, waɗannan su yi ta faɗa, waɗancan su yi hoto. Wallahi masu hoto suka yi musu fintinkau. Daga ranar kaina ya kumbura. Matata ta ba ni sautun cefane, in ƙi karɓar takarda, in rufe ido a tsakar gida in ga kifi ya hau tattasai yana sukuwa, in je kasuwa in dawo ba a rasa ko daddawa ba. A ɗakin malamai kuwa na addabi kowa, har aka fara tashi in na shigo.

(Gaskiya ɗaya ce, sai na faɗa. Mako na biyu na ba ɗaliban kalmomi irin su haƙuri da dalili, niyya da amana, sai masu hoto suka yi zuru, domin ba wanda ya san kamannin dalili. Masu faɗa da baki suka cinye su. Na ce a raina yaran ne ba su da basira. Kuma daga baya wani abokin karatuna ya rantse min cewa malamin ya gargaɗe mu hotuna suna iya cakuɗewa in sun yi kusa da juna. Ni dai ban ji ba, na fita amsa waya. Abu mai muhimmanci irin wannan sau ɗaya ake faɗarsa? Har yau ina jin haushin mutumin nan.)

To, a gidanmu akwai wani matsayi da ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa ya san shi. Duk namijin da zai yi aure, mutum ɗaya ne yake zama gaban liman ya nema masa auren da bakinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara talatin yana yi. Da ya rasu sai ƙaninsa Baffa Sule ya karɓa. Ni ne babban ɗa a tsatson, kuma ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina hangen wannan wurin zama. Ba riba a cikinsa, amma wanda aka ba shi ya zama bakin gida, da shi ake shawara, shi ake tura wa surukai.

Ana saura kwana biyu ɗaurin auren ƙannena uku, ciwon ƙafar Baffa ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Ƙannen nan 'ya'yan baffannina ne. Nura yana sayar da hatsi a Babura, Sagir yana gyaran babur a Roni, Kabiru kuma yana kiwon shanu da noma a wajen Gwiwa. Dukkansu gida ɗaya za su yi aure, gidan wani dattijo Alhaji Mati a Babura, 'ya'yansa biyu da 'yar ƙaninsa. Nura ne ya fara gano gidan, sauran suka yi ta raka shi zance har su ma suka samo nasu. Ni sunayen 'yan matan na sha jin su a bakin mata, amma a dunƙule, "'yan Babura" kawai ake cewa. Wace ce ta wa, ban taɓa tsayawa na tantance ba.

Ranar Alhamis da la'asar Baffa ya aika aka kira ni. Na durƙusa gefen gadon na gaishe shi.

"Kai ne babba yanzu," in ji shi. "Jibi kai za ka zauna inda ubanka ya zauna. In ka yi shi daidai, na sauka ke nan, ƙafar nan ba ta barina yawo."

Sai da na ji ƙwalla ta taho min. Na ce, "In Allah ya yarda, Baffa, ba zan ba ka kunya ba."

"To saurara. Nura, Hindatu. Sagir, Rabi. Kabiru, Zulai. Maimaita in ji."

Wato ni, mai koya wa mutane dabarun riƙe abu a ka, ni ake ce wa maimaita. Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da tsofaffi ba su sani ba, na ce, "Baffa, ba sai na maimaita ba. Sana'ar kowacce kawai nake son sani."

Ya ɗago kai daga matashi ya dube ni. "Aure za ka nema ko aiki za ka ɗauke su?"

A gida matata ta ba ni bayanin. Hindatu nas ce a wani ƙaramin asibiti, Rabi tela ce, Zulai tana koyarwa a firamare. Waɗannan na faɗe su sau uku a bakina, Hindatu nas, Rabi tela, Zulai malama, suka zauna daram. (Ku lura da kyau, wannan ɓangaren da na yi da baki ko gezau bai yi ba har ƙarshe.) Sai babban aikin, haɗa kowane ango da tasa. Na kishingiɗa a tabarma na rufe ido. Nura mai hatsi ya zama buhun gero, ga nas ta naɗa wa buhun abin awon hawan jini tana matsa 'yar robar nan tana kallon agogonsa. Sagir ya zama tayar babur, ga ta a ƙarƙashin keken ɗinki ana yi mata ɗinki. Kabiru ya zama bijimin sa, ya miƙe da ƙafa biyu yana rubutu da alli a allo. Na fashe da dariya ni kaɗai, na ce shi ke nan, ko a kabari aka tashe ni zan kawo su.

"Malam, ga katin ɗaurin auren," in ji matata. "Duk an rubuta a ciki. Sa shi a aljihu, ba ya cizo."

"Ajiye kayanki. Kati na masu ƙaramin kai ne."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, da wata murya da ban so ba.

Ranar Asabar da safe muka cika bas biyu daga Kazaure. Na sha farar shadda da hular da na ɓoye tun Sallah, aka ba ni gidan gaba. Muna gab da shiga Babura direba ya ce tayar baya ta yi sanyi, ya tsaya wurin mai faci. Muka firfito miƙe ƙafa. Na ce bari in yi amfani da lokacin in yi bitar darasina. Ina tsaye ina kiran hotunan, idona biyu, ga mai faci a gabana ya danna wa tayar bututun iska, ya zaro ɗan agogonsa yana auna ta. Gefe guda kuma rumfar masu hatsi ce, wasu ƙarti biyu sun durƙusa suna ɗinke bakin buhunan gero da basilla. Na kalli wannan, na kalli wancan, na yi bitar hotuna na ji komai ya zauna daidai, har ya fi na shekaranjiya kyau da tsari.

Ai dole ya fi tsari! Ƙwaƙwalwata, munafuka, ashe gyara ta yi min ba tare da ta nemi izini ba. Ta ga buhu ai ɗinke shi ake yi, taya kuma ita ake aunawa, sai ta ɗauke tela ta kai wa buhu, ta tura nas wurin taya. Ko ɗan ƙaiƙayi ban ji ba. Shi kuwa bijimin sa yana nan yana rubutunsa, domin ba wanda ya yi masa kishiya a bakin titi.

Yanzu za ku ce, to ba wanda zai gyara maka a masallacin? Nan ne haushina yake ƙaruwa, domin a ranar kowa ya bar wurinsa. Alhaji Mati bai zauna a sahun gaba ba. Hindatu 'yarsa ta fari ce, kunya ba za ta bar shi ya ba da aurenta da bakinsa ba, yana can zaurensa da tsofaffi. Waliccin 'yan matan duka uku ya ɗauka ya ba amininsa na ƙuruciya don girmamawa, wani dattijo Malam Ɗanjuma da ya iso da safiyar nan daga tsallaken iyaka. Shi sunaye uku kawai aka ba shi, an ce in an nema ya bayar. Angwayen kuwa, kamar yadda aka saba, suna can waje ƙarƙashin dalbejiya da abokansu, ana ɗaukar hoto. Babu wuta, lasifika ba ta aiki. Sadakin ukun ma iri ɗaya aka yanka, balle a nan asiri ya tonu. Ku gaya min, duk wannan ni na shirya shi?

Liman ya ce tun da gida ɗaya ne, a yi sigar auren ukun a jere sannan a yi addu'a gaba ɗaya. Na gyara zama, na gyara murya irin yadda mahaifina yake yi. Na lumshe ido. Buhu ya bayyana, fes, ga keken ɗinki a kansa.

"Muna nema wa ɗanmu Nura auren 'yarku Rabi."

"Mun ba ku," in ji Malam Ɗanjuma.

"Mun karɓa."

Na sake lumshe ido. Taya, ga nas tana auna ta. "Muna nema wa ɗanmu Sagir auren 'yarku Hindatu." Aka ba mu, muka karɓa. Na nema wa Kabiru Zulai. Liman ya ce shaidu kun ji, sahu biyu na dattawa suka amsa sun shaida. Akwai wani kawunmu a bayana da na ji ya ɗan yi gyaran murya, amma da ya ga yadda nake magana ba gargada, sai ya ɗauka shi ne ya ruɗe. (Daga baya shi ya fi kowa zagina.) Aka yi huɗuba, aka yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Malam Ɗanjuma ya riƙe hannuna ya ce rabon da ya ga matashi mai natsuwa irina an daɗe. Na sunkuyar da kai ina jin daɗi har cikin ƙashina.

Sai sanƙira ya fita bakin ƙofa ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'a a saurara! An ɗaura auren Nura da amaryarsa Rabi! An ɗaura auren Sagir da amaryarsa Hindatu! An ɗaura auren Kabiru da amaryarsa Zulai! Allah ya sanya alheri, Fatiha!"

Da farko dariya na jiyo daga ƙarƙashin dalbejiya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Sanƙira, goro ya bugar da kai, ka juya su!" Sanƙira ya fusata, ya ce shekararsa ashirin yana wannan aiki, abin da aka ɗaura shi ya faɗa, wanda bai yarda ba ya shiga ya tambayi liman. Dariyar ta ɗauke. Can cikin gidan Alhaji, inda guɗa ta fara tashi, ita ma ta yanke a tsakiya, sai salati. Kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa na ga Nura ya kutso cikin masallaci yana tsallake dattawa, hularsa a hannu, Sagir na biye da shi.

"Yaya! Wa ka nema min?"

"Rabi mana," na ce, har da ɗan tsawa, don ya san a gaban manya yake.

"Rabi ta Sagir ce! Shekara huɗu ina bin Hindatu, Yaya, shekara huɗu!"

Mai hankali a nan zai yi shiru ya ce a duba. Ni kuwa sai na tsaya musu, kuma wannan shi ne wurin da in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa ya natsu, ruɗun ango ne ke damunsa. Na ce ni ba da ka nake magana ba, tsari gare ni na ilimi, kuma yanzu haka ina ganin abin ƙuru-ƙuru a gabana.

"Me kake gani, Malam?" in ji liman, a hankali.

"Buhu, Allah gafarta Malam. Buhun gero a ƙarƙashin keken ɗinki."

Liman ya ƙura min ido.

"Buhun wa?"

"Wato Nura ne buhun. Sagir taya ne. Ita tayar ce nas take..." Nan na tsaya, domin ina faɗa hoton shekaranjiya ya dawo min kamar an watsa min ruwan randa, ga buhu da abin awon jini a naɗe, ga taya ana ɗinka ta. Gumi ya keto min tun daga ƙarƙashin hula. Kabiru, wanda shi nasa auren lafiya lau yake, ba abin da ya shafe shi, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ni kuma mene ne?" Da na yi shiru ai da an wuce wurin. Bakina ya ce, "Sa."

Wani tsoho a sahu na biyu ya yi ta dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Daga nan wuri ya hargitse. Malamai suka rabu biyu. Wani mai jan rawani ya ce an nema, an bayar, an karɓa, shaidu sun shaida, aure ya ɗauru, sai dai kowane ango ya saki wadda aka ba shi sannan a sake. Jin haka Sagir ya cafki hannun rigar Nura ya ce, "Wallahi sakar min matata yanzun nan." Nura ya fizge ya ce, "Kai ma sakar min tawa!" 'Yan'uwa biyu da ko cacar baki ba su taɓa yi ba, ga su suna huci a gaban liman, kowa yana riƙe da auren da bai nema ba. Malam Ɗanjuma, bawan Allah, sai juya carbi yake yana cewa shi dai abin da aka nema ya bayar.

Ana cikin haka Alhaji Mati ya shigo. Dogon mutum ne, ba ya ɗaga murya, kuma da ya yi ihu da ya fi min sauƙi. Ya tsaya a kaina ya ce, "Wannan ne wakilin?" Aka ce shi ne.

"'Ya'yana suna ciki suna kuka. An ce musu kafin azahar za su zama zawarawa. Mutanen da ba su san wadda suka zo nema ba, ina za su san yadda za su riƙe ta? Ku koma Kazaure, in kun tantance ku dawo."

Na ga fuskar Nura ta canja. Ban san lokacin da na sauko daga kan darduma na gurfana a gaban Alhaji ba, da shaddata da komai. Na ce laifina ne ni kaɗai, yaran nan sun san waɗanda suke so, an ba ni sunaye daidai, girman kai ne ya hana ni riƙe kati. Kawunnanmu suka taso suka sa baki, Malam Ɗanjuma ya kama hannun amininsa yana ba shi haƙuri. Liman, Allah ya saka masa da alheri, ya bari ƙura ta lafa sannan ya ce a nasa fahimtar babu auren da ya ƙullu, domin wakili ba ya ƙulla abin da ba a aike shi ba, kuma babu ɗaya cikin 'yan matan da aka nemi yardarta a kan wanda aka ambata mata. Babu saki, babu zawarci, a sake siga kawai.

Alhaji ya dubi liman, ya dubi angwayen. Sannan ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu. Kowane ango ya zauna gaban liman ya faɗi sunan wadda yake so da bakinsa, kunya ta bi ruwa. Na biyu, ya nuna ni da haɓa, "Wannan malamin ya jira a waje."

Haka na ratsa sahu-sahu na fita, kowa yana janye ƙafa yana ba ni hanya. Na tsaya a bakin ƙofa cikin takalman jama'a, rana tana dukan hular Sallah. Wani mutum da ya makara ya iso yana haki, ya tambaye ni me ake ciki, ya ji an ce an ɗaura kuma an ce ba a ɗaura ba. Kafin in buɗe baki wani mai sayar da rake ya ce, "Wani malamin boko ne daga Kazaure ya aurar da buhu ga tela." Mutumin ya riƙe baki ya ce, "Kai, boko dai! Allah ya shirya." Na ce amin. Daga nan na jiyo muryar Nura yana cewa Hindatu, har sau biyu, ko da liman bai nemi ya sake ba. Sanƙira ya fito ya yi shela, wannan karon a hankali, yana hararata tsakanin suna da suna.

A hanyar dawowa ba a ba ni gidan gaba ba. Labari kuma ya riga ni isa gida, domin ina sallama matata ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Sannu da zuwa, mai babban kai," ta koma ciki.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne yadda aka tattara laifin duka aka ɗora min. Uban amare ya ɓuya a zaure, waliyyi bai san 'ya'yan da yake bayarwa ba, angwaye suna can suna gyara hula a gaban mai hoto, kawu ya ji kuskure ya haɗiye, amma a tarihin gidanmu ni kaɗai na yi abin kunya. Rabi har yau in ta ga Nura sai ta ce, "Ina kwana, tsohon mijina," gida ya ɗauki shewa. Kabiru kuwa in ya kira ni a waya, maimakon sallama sai ya yi kukan sa. Mutumin da shi kaɗai na yi wa aiki daidai!

Washegari na ja ƙafa na je asibiti, da wannan jawabin duka a shirye a bakina. Baffa yana zaune an jingina shi da matashi. Na gaishe shi ya amsa, ya bar ni a durƙushe. Na fara bayanin mai faci da masu ɗinkin buhu, ya ɗaga hannu.

"Ka san yadda ubanka yake yi?" in ji shi. "Ranar da zai nema wa wani aure, tun daga zaure har masallaci bakinsa yana motsi. Mutane su ɗauka tasbihi yake. Sunan yaron da na yarinyar yake faɗa, ko da aure ɗaya ne, ko da shi ya raɗa wa yaron suna. In ya zauna kuma sai ya juya ya tambayi na kusa da shi, wance ce ko? Kana tsammanin kansa ne ba ya ja? Tsoro yake ji, don rayuwar mutane aka sa masa a baki. Kai ba ka ji tsoro ba."

Na watsar da jawabin da na shirya. Ban taɓa sanin haka game da mahaifina ba, kuma na fi son a ce Baffa ya zage ni.

Da aka tashi auren gaba a gidanmu, ƙanina Habu aka kira, wanda ko sakandare bai gama ba. Shi ne bakin gida yanzu, kuma ba laifi, yana yi daidai. Ni har yau ina koya wa ɗalibaina dabarar hoto, domin tana aiki, in dai akuya ce da agogo, waɗanda ko ka haɗa su ba daidai ba babu mai kuka a cikin gida. Abin da na ƙara musu shi ne, ranar da ka ji ka tabbata ɗari bisa ɗari har kana jin haushin mai tambayarka, ranar ce ya kamata ka juya ka tambayi na kusa da kai. A ɗaurin aure kuwa dangi ba su yar da ni gaba ɗaya ba, sun ba ni rabon dabino da alawa a bakin ƙofa. Sun ce wannan aikin ba ya buƙatar a san wa ke auren wa.